Kwalbar Man Gyaɗa a Rumfar Zaɓe

Sau biyu Hedimasta ya tsaya takara a ƙasar Ikara, sau biyu ya faɗi. Ta farko ciyaman ya nema, ta biyu majalisar jiha. A faɗuwar farko har guɗa aka yi mini, a ta biyu aka ce ni na sayar da shi. Na gaji da ba da labarin nan da baki a gidan suna da gidan biki, inda mata za su gyaɗa kai su ce "Allah sarki, Monita," in na ba da baya su ɗora daga inda suka tsaya.

A Gazara aka haife ni, aure ya kawo ni wani ƙauye a gefen Kurmin Kogi. Sana'ata man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kamar rabin matan garin. Mu soya, mu kai inji, mu matse, ranar kasuwa in jera jarkoki a bayan a-kori-kura in nufi Makarfi. Sai da na aurar da 'yata ta fari zuwa Kudan, har ta haihu, sannan na fara riƙe fensir. Hedimastan firamarenmu ne ya buɗe wa matan aure aji bayan la'asar, a kan bencin yara wanda ko rabin mutum ba ya ɗauka. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ya biya shi. Da ya ga tun ba a roƙe ni ba nake tsawata wa masu surutu, sai ya ce ni ce monita. Sunan ya bi ni har yau, cikin jikokina akwai masu zaton shi aka raɗa mini.

Shekara uku na yi a gabansa. Ya sha wahalata, don hannuna da muciya ya saba, fensir nawa na karya ban sani ba, amma bai taɓa yi mini dariya ba. Ranar da na karanta katin asibitin maigidana da kaina, ban tsayar da kowa a hanya ya duba mini ba, na san wanda zan gode wa bayan Allah. To da ya yi ritaya aka ce zai nemi ciyaman, ban jira an zo gidana da goro ba. Ni na ɗauki mayafi na shiga gida-gida.

Zaɓen ciyaman na wannan karon da na'ura aka yi shi, ba takarda, ba tawada. Wata aba ce mai fuska kamar talabijin, alamomin jam'iyyu su fito a jere, ki taɓa taki, ta yi ƙara, shi ke nan. Maza da 'yan mata suka yi ta wucewa. Da layi ya zo kan tsofaffinmu sai abu ya tsaya. Yatsun da suka shekara arba'in suna ɓarar gyaɗa da murza tunkuza sun bushe sun tsattsage kamar fadama a bazara, na'ura ba ta ma san an taɓa ta ba. Gwaggo, ƙanwar mahaifin maigidana, ta danna sau huɗu, ta juyo ta dube ni.

"Ke Monita, abar nan ta raina ni ne, ko kurma ce?"

Sai na lura waɗanda suka taso daga kan turmin matsa, hannunsu da sauran maiƙo, taɓawa ɗaya take amsa musu. Na ruga gida na zubo mai a murfin kwano, na lakata wa Gwaggo a babban yatsa, ta murza. Ta taɓa, na'ura ta yi ƙara. Har yau ban sani ba ko man ne ya yi aikin ko dacewa aka yi, amma a ranar ba wadda ta yi shakka. Duk tsohuwar da ta zo sai ta miƙo mini yatsa kamar mai karɓar lalle.

A akwatinmu Hedimasta ya yi wa abokin takararsa nisa sosai. Ya ci gundumarmu, ya ci Janfalan, inda ya fara koyarwa yana saurayi. Cikin garin Ikara da sauran gundumomi suka tafi wa ɗayan, don can ba su san shi ba sai a fasta. Ya faɗi, amma faɗuwar da ba kunya a cikinta. Bayan kwana uku ya zo ƙauyenmu godiya da ƙafarsa, ya tsaya a gaban maza ya ce da yana da Monita a kowace gunduma da yanzu yana ofis. Aka naɗa ni shugabar mata ta gundumar. Ba zan yi ƙarya ba, abin ya yi mini daɗi, har ya hau mini kai.

Tsakanin wannan zaɓe da na gaba mutumin ya fara canjawa. Ya koma zaman Zariya, sai ranar taro ake ganinsa. Wani mai bakin zaƙi da ake kira Sakatare, sakataren jam'iyya ne na gundumarmu, ya zama shi ne ƙofarsa. In kana son Hedimasta sai ka bi ta Sakatare. Limamin wani ƙauye a Janfalan ya rasu, mutumin da ya ba Hedimasta ɗaki kyauta lokacin yana ƙaramin malami, bai je gaisuwa ba, Sakatare ya tura da buhun shinkafa. Na faɗa masa a waya cewa mutanen karkara ba buhu suke ƙirgawa ba, fuskar da ta zauna a tabarma suke tunawa. Ya yi dariya ya ce, "Monita ke nan, har yanzu kina tsawata wa aji."

Zaɓen majalisa na takarda ne. Akwai ƙaramar na'ura ta tantancewa da ke duba kati da yatsa, daga nan a miƙo miki doguwar takarda mai jam'iyyu rututu, ki dangwala da tawada, ki ninke, ki jefa a akwati. Na ce wannan karon ba zan bari a yi mana sakaci ba. Mako biyu ina tara mata a tsakar gidana da hantsi. Na yayyage tsohon littafin aji, na zana gidaje a jere kamar na takardar zaɓe, na dama bular wanki a tasa ta zama tawadarmu. Abu uku na koya musu, na sa suna maimaitawa kamar karatu: ki danna da ƙarfi, ki ninke nan take, ki yi ninki huɗu ki murje da farce.

Ninkin ba don ado na ƙirƙiro shi ba. A garinmu akwai matan da mazansu na ɗaya ɓangaren ne. Kejin kwalin da ake shiga a dangwala a fili ake kafa shi, in mace ta fito da takarda a buɗe, ko tana kaɗa ta don ta sha iska, wani mai dogon wuya ya hango, labari zai riga ta isa gida. Na ce su ninke irin yadda muke ƙunshe kanwa a takarda, ƙanƙane, ba mai ganin komai. Bula da ruwa kuwa nan da nan take bushewa a takardar littafi. Sau ɗari muka gwada, ko sau ɗaya ba ta ɓata ba.

Ranar zaɓe na fito da katin ejan, wato wakiliyar jam'iyyarmu, a wuya da wata kwalbar maganin tari da na wanke na cika da mai. A harabar firamaren aka kafa rumfa, ƙarƙashin darbejiya, taku kaɗan daga ajin da na koyi karatu. Na tsaya a bakin layin mata, duk wadda ta matso in ɗiga mata a yatsa ta murza, don kada na'urar tantancewa ta yi mana irin ta wancan karon. Tsofaffi kawai na yi niyya, amma kowa ta miƙo, wata ma cewa ta yi a ƙara mata, albarka ce.

Malamar zaɓen wata 'yar bautar ƙasa ce daga kudu, siririya, Hausarta ba ta wuce ta sayen tumatir ba. Ta taso daga teburinta ta zo inda nake.

"Mama, wannan mai, ba kyau. Su goge hannu kafin tawada."

Ta ɗauki wata farar takarda ta ninka ta a tsaye, gefe zuwa gefe, ta ɗaga mini. "Haka. Ba haka ba," ta nuna ninkin sama zuwa ƙasa.

Na dube ta daga sama har ƙasa. Na ce, "'Yar nan, yi aikinki in yi nawa. Tun ba ki san hanyar garin nan ba muke zaɓe a nan, kuma muna ci."

Ta sake faɗa sau ɗaya. Rana ta ɗaga, layi ya kai bakin rijiya, maza suna ta mita, sai ta koma teburinta. Ni kuwa har na juya na ce wa Gwaggo yaran yanzu daga an ba su riga mai tambari sai su koya wa uwarsu daka.

Bayan la'asar aka zazzage akwati a kan tebur, jama'a suka kewaye. Ejan ɗin ɗaya ɓangaren mahaucin garinmu ne, taubashin maigidana, ba ya jin nauyin bakina, ni ma ba na jin nasa. Malamar tana buɗe takarda ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaga kowa ya gani, ta ajiye a tulin mai ita. Manyan ninki, na maza, suka yi ta tafiya lafiya, wasu namu wasu nasu. Sai ta kai ga ƙananan, murjajju, waɗanda ko daga nesa na san hannun ɗalibaina ne. Na gyara tsayuwa.

Ta buɗe ta farko. Ga yatsa a gidan jam'iyyarmu, can sama, baƙi ƙirin. Ga kuma wani yatsan, tagwayensa, can ƙasa, a gidan wata jam'iyya da ko sunanta ba a taɓa ji a garin ba. Kowanne da da'irar maiƙo kewaye da shi, irin ta takardar da aka ƙunshe ƙosai.

"Biyu ne," in ji mahauci. "Lalatacciya."

Na yi gardama. Na ce kowa ya san wa matar take nufi. Malamar ta kawo takardar kusa da fuskata. Na ƙasan ya fito sarai kamar na saman, in ba ke kika dangwala ba, ba ki isa ki rantse wanne ne na fari ba. Ta buɗe ta biyu, haka. Ta uku na sunkuya kamar ina dubawa, sai ƙamshin man da na matse da hannuna shekaranjiya ya bugi hancina. Tawada ta hau kan mai ta ƙi bushewa, an danna da ƙarfi, an ninke nan take, an murje da farce. Duk abin da na koya musu sun yi, ba wadda ta saɓa mini.

Tulin lalatattu ya yi ta hawa har ya fi namu tsayi. Mahauci ya harɗe hannu a baya yana murmushi.

"Monita, matanki akwai adalci. Kowa sun ba shi, ba wanda suka hana."

Aka yi dariya. Muka faɗi akwatin, a makarantar Hedimasta, a garin da ya yi shekaru yana koyarwa. Na sa hannu a takardar sakamako, na tura kwalbar cikin ƙugun zanina, na tafi gida. Nan ne laifina na biyu, kuma shi ya fi ci mini rai. Da a wurin na ɗaga kwalbar na ce jama'a ga abin da ya faru, da an zage ni a gama a ranar. Kunya ta rufe mini baki, ni da ake cewa bakina ba ya da murfi.

Washegari aka sanar Hedimasta ya faɗi. Kafin jibi labari ya gama gari, kuma daga majalisar Sakatare ya fito. An ga Monita tana shafa wa mata wani abu daga kwalba. Wasu suka ce sinadari ne ɗaya ɓangaren suka ba ni, wasu suka ce rubutu ne aka wanke. Atamfar da na ɗaura ranar zaɓe, wadda 'yata ta aiko mini tun da sallah, ta zama shaida. Har aka samu wanda ya rantse ya gan ni a kasuwar Makarfi ina magana da wata mata a cikin baƙar mota. Matan da ke kawo mini gyaɗa in matse musu suka fara kai wa wata. Maigidana, mutumin da ba ya fashin majalisa bayan magariba, ya koma zama a gida yana gyaran fartanyar da ba abin da ya same ta.

Sai 'yata ta kira daga Kudan.

"Inna, me nake ji? Yau surukata ta tambaye ni a gaban mutane wai nawa aka ba ki."

"Me kika ce mata?"

"Na ce uwata ba ta sayuwa. Amma Inna, mece ce a kwalbar?"

Na faɗa mata. Sai ta ce, "To ki faɗa musu mana. Ni ce nake zaune a gidan mutane."

Bayan mako guda aka aiko in zo gidan Hedimasta na Ikara. Na isa da hantsi. Falon cike da maza, shugabannin gundumomi a kan kujeru, sauran a kafet, da wani lauya mai farin gilashi. Hedimasta na zaune a tsakiya, ya rame. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa bai dube ni ba. Sakatare ne ya yi magana.

"Hajiya, kin san abin da ake faɗi a kanki. Mu ba mu yarda ba, shi ya sa muka nemo miki mafita. Za mu kotu. Ga takarda, ki sa hannu, magana ta mutu, sunanki ya wanku."

Ya turo mini takardar da 'yar tawadar dangwale a buɗe, har yana nuna mini inda zan ɗora yatsa. Na ture tawadar gefe. An rubuta da Turanci a sama, da Hausa a ƙasa. Na ɗora yatsa a ƙarƙashin layi na fara karantawa da ƙarfi, a hankali, yadda nake karatuna. Takardar ta ce ni, ejan ta akwati kaza, na ga malamar zaɓe ta kori wakilai daga tebur, ta ɗebi ƙuri'un mata ta ƙara musu yatsa na biyu da hannunta.

Na ce, "Wa ya ga wannan?"

"Ke mana," in ji Sakatare.

"Ni ban gani ba. Yarinyar nan ba ta kori kowa ba. Ita ce ma ta hana ni, na ƙi ji."

Na ciro kwalbar daga jaka na ajiye a kan teburin gilashi. Na roƙi lauya fallen takarda, ya ba ni yana kallon Hedimasta. Na ɗiga mai a yatsa na murza, na taɓa tawadarsu, na danna da ƙarfi, na yi ninki huɗu na murje, na buɗe na ɗaga sama yadda malamar ta riƙa ɗagawa. Yatsa biyu, kowanne da da'irarsa. Na ba su labarin tun daga na'urar ciyaman da yatsan Gwaggo har zuwa bular wanki. Na ce ba sinadari, ba rubutu, ba baƙar mota. Man gyaɗa ne da taurin kaina.

Wani daga baya ya tuntsire da dariya, ya mayar da ita tari. Lauya ya cire gilashi ya ce maganar nan kada ta fita daga ɗakin.

Sakatare ya ce, "To ai duk ɗaya ne. Ko sayarwa ko wauta, ke kika kayar da mu."

Nan raina ya tashi. Ina da littafin da na kwafe sakamakon zaɓen ciyaman, gunduma-gunduma, na kuma kwafe na wannan a shafin da ke kallonsa, daga takardun da aka liƙa. Kwana uku na yi ina jera su. Na buɗe na miƙa wa Hedimasta, ba Sakatare ba.

"Malam, kai ka koya mini tarawa da ɗebewa, duba ko na yi kuskure. Ka ɗauki duk lalatattun akwatina ka zuba a naka, ka ga ko ka kamo shi. Ba ka kamo shi ba. Cikin gari ka ɗan ƙaru, na yarda, fasta ta yi aiki. Amma Janfalan da ka ci a ciyaman, yanzu ina take? Can ma ni na shafa musu mai? Akwatina ni na ɓata shi, na ɗauka. Sauran kuwa ku tambayi wanda ya ce maka buhu zai je gaisuwar mutuwa a madadinka."

Ya duba shafin hagu, ya duba na dama, ya daɗe. Na san ya ga lissafin daidai ne, don da akwai kuskure da hannunsa ya tafi aljihu neman jan biro, halinsa ne. Ya rufe littafin ya miƙo mini.

"Monita, je ki gida. Za mu yi magana."

Kafin sati ya zagayo aka naɗa ƙanwar Sakatare shugabar mata. Wannan bai dame ni ba kamar yadda suka zata. Abin da ya dame ni shi ne duk mazan da ke falon nan sun ga yatsa biyun da idonsu, amma ba wanda ya koma gundumarsa ya faɗa. Maganar kotu ta bi ruwa, maganar sayarwa ta zauna. An yi mana maguɗi, an ci amanarmu, wannan ya fi daɗin faɗi a majalisa fiye da a ce ɗan takararmu ya daina zuwa gaisuwa.

Sai na ɗauki mayafi na sake shiga gida-gida, gidajen da na shiga neman ƙuri'a, ina gaya wa kowace mace abin da na yi da ƙuri'arta. Wasu suka yi dariya har da riƙe ciki. Wata ta ce na sa ta yini a rana da goyo a banza, ta juya mini baya, kuma tana da gaskiya. Gwaggo ta saurara har na gama, tana ɓarar gyaɗa.

"To ni dai na san ba ki sayar ba," ta ce. "Wa zai saye ki? Sai dai a biya a rabu da ke. Amma mu mata ne, Monita. Mu faɗa a tsakar gida, su faɗa a ƙofar gida. Wanne ake ji a Kudan?"

Da damina yayan maigidana ya rasu. Ranar uku Hedimasta ya zo gaisuwa da kansa, abin da ya ba kowa mamaki. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mazan garin kaf suna nan, har mahauci, har Sakatare. Bayan ya zauna da su ya aiko a ce yana son gaisa da ni. Na same shi a zaure, shi kaɗai, a tsaye. Ya yi mini ta'aziyya, na amsa. Sai ya rage murya.

"Monita, tun ranar na san ba ki ci amanata ba. Ko kafin ki kawo kwalbar na sani. Ina so ki san wannan."

"Na gode, Malam. To ga su can a waje, ba sai an tara su ba, mutuwa ta tara maka su. Taku biyar ne. Ka fita ka faɗa yadda ka faɗa mini."

"Wurin makoki ne."

"A wurin makoki aka fi yi da ni. Jiya ma a nan wata ta tambayi 'yata ko atamfar ta tsufa."

Ya shafa hula. Ya ce in fahimce shi, yana da niyyar sake fitowa, magoya baya sun tsayu ne a kan an zalunce su, in ya ce a akwatin makarantarsa ma ba a yi maguɗi ba, gwiwarsu za ta yi sanyi. Sakatare kuma yana riƙe da wakilai da yawa. In aka wuce zaɓen fid da gwani, zai san yadda zai gyara. Har ya ƙara da cewa zai buƙace ni wajen mata, don ƙanwar Sakatare ko layi ba ta iya tsayarwa.

Na ce, "Wato in ci gaba da zama ɓarauniya har ka samu tikiti."

"Ba haka nake nufi ba."

"Haka ne, Malam. Ba wata mace da zan sake ƙwanƙwasa wa ƙofa da sunanka sai ka faɗa a waje. Ba dogon jawabi na roƙa ba. Ka ce Monita ba ta sayar ba, man gyaɗa ne. Ko yaron aji ɗaya zai iya."

Ya ce Allah ya jiƙan mamaci, ya sa takalmi ya fita. Ban koma ciki ba. Na tsaya a bayan ƙyauren zaure, inda ake jin komai na ƙofar gida. Na ji ana gyara masa wuri. Na ji ya yi gyaran murya, na kasa kunne. Ya roƙi liman a ƙara addu'a. Aka shafa. Ya yi maganar ruwan bana da tsadar taki, ya ce a yi haƙuri da rashi, ya yi sallama. Sakatare ya raka shi, na ji an rufe ƙofar mota sau biyu.

Maigidana ya leƙo zauren ya same ni a tsaye.

"Ya faɗa?" na tambaye shi, ko da yake da kunnena na ji.

Ya girgiza kai. "Taki ya yi magana a kai."

Na koma tsakar gida. Tukunyar masu gaisuwa na kan wuta, matan Kudan sun iso, surukar 'yata na cikinsu, tana zaune a kan tabarmata tana jiran in zo in gaishe ta.